Raƙumi Mai Tozo Biyu

Dogon Dutsi, 3 ga watan huɗu

Kawu Illo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kawu, asusun ba manoma bashi inda ka taɓa aiki, inda nake yanzu, zai rufe wa manoman garin Sukukutane ƙofa. Direkta ya ce in aka haɗa aka raba, rabin bashi kawai suke biya. Ranar Litinin za a yanke. Ni na yi lissafin, amma hankalina bai kwanta ba. Me zan duba?

Ɗiyarka,
Fadila

Matankari, 5 ga wata

Fadila,

Ina amsawa. Ƙafa tana nan yadda take, kamar wautar ofishinku.

Haɗa-a-raba! Da shi suka kore ni shekara goma sha tara da suka wuce. Nemo mini mutum ɗaya a Sukukutane da ya biya rabi. Babu shi. Ja layi, ki jera mutane bisa abin da kowa ya biya. Za ki ga tudu biyu: tari wajen masu biya duka, tari wajen waɗanda suka kasa, tsakiya fayau. Na zana musu haka, wani mai kwat, Abdussalamu, ya ce, "Malam Illo, raƙuman ƙasarmu tozo ɗaya gare su." Aka yi dariya, aka miƙo mini takardar sallama, ban kai ga gano abin da ya raba tozon biyu ba. Ki bar zargin halin mutane, ki buɗe takardunsu.

Allah ya yi miki albarka.
Illo

Dogon Dutsi, 9 ga wata

Kawu,

Barka da hutawa. Tozo biyu ne, wallahi! Masu biya duka, kuɗin bashinsu ya fita a watan biyar, kafin shuka. Sauran, takardunsu sun yi ta zama a ofishinmu har watan takwas, lokacin iri da taki ya wuce, kuɗin ya tafi a tukunya. Na zana a allo. Direkta ya duba zanen, sannan ya ce, "Wa ya koya miki?" Na faɗi sunanka da ƙarfi. Ba za a rufe ba, kuma bana kuɗi zai riga ruwan farko isa. Suna roƙo ka zo ka yi wa ma'aikata bayani.

A huta lafiya,
Fadila

Matankari, 10 ga wata

Fadila,

Madalla da ke. Zan zo. Su aiko mota, ba babur ba. Abdussalamu yana Tibiri yana cin fansho. A gayyato shi, a ba shi kujerar gaba. Akwai raƙumin da zan nuna masa.

Kawunki,
Illo