Sai An Tashi Daga Kokawa

Lahadi da dare, Matameye

Yanzu muka dawo daga Damagaram. Gwiwar nan sai zogi take, barci ya ƙi zuwa. Ɗana Habu ne ya matsa sai ya kai ni kallon kokawa, ya yankar mana tikitin rumfar manya, wanda ci da sha duk suna ciki. Kujera mai laushi, fanka a bisa kai, gasassun zabi da lemu mai sanyi.

Ni kuwa ko loma ban kai baki ba. Ana buga ganga abinci ya fita daga raina, kamar zamanin da nake shiga fili. Ranar karawa ba na cin komai sai an tashi, sannan mu zauna da abokin karawata Ilu na Tsauni mu sha fura a ƙwarya ɗaya, ko da shi ne ya kayar da ni.

Habu ya ce, "Baba, ku ci mana, don ku aka kawo." Na ce masa sai an tashi. Ransa bai so ba.

A karon ƙarshe na ji sanyi a tafin ƙafa. Ashe na tuɓe takalma ban sani ba, yatsuna na ta tonon siminti suna neman yashi.

Da aka tashi yunwa ta zo mini kamar da. Amma an riga an kwashe farantai, kuma babu Ilu. Allah ya jiƙansa.