Tayoyin Ɗan Takara a Ƙofar Gidanmu

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya dafa maka a wajen aiki. Mu nan da sauƙi. Kumburin ƙafar Inna ya sauka, Baba yana nan yadda ka san shi, cikin matarka kuma ya shiga wata na biyar. Saboda ita na ɗauki biro, don a waya kunnuwa sun yi yawa.

Ka dai ji zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa. Babba kwana uku yake yi ya miƙe, amma mai ciki, abin da ke cikinta yake taɓawa. Sau biyu na karanta takardar da aka manna a asibiti, an rubuta alamunsa ciwon kai ne da jan ido. Matar telan layinmu ta haihu makon jiya, har yau ba a nuna wa kowa jaririn ba.

To, ɗan takarar shugaban ƙasan da Baba ke mutuwar so ya hau dandamali ya ce wai babu wata annoba, ƙirƙira ce don a ɗage zaɓe, wai duk wanda ya buɗe wa masu feshin maganin sauro ƙofa ya sayar da ƙuri'arsa. Mutumin da rabonsa da jin kukan sauro tun yana goye! Magoya bayansa kuwa sun shafa wa tsofaffin tayoyi fentin jam'iyya, sun jera su daga bakin titi har ƙofarmu, ruwan sama ya cika su. Jiya na leƙa guda, ruwan har motsi yake da tsutsa. Na kifar da shida. Baba ya fito ya ce karatun tsince-tsince ya lalata ni, so nake a ce gidansa ya sauya sheƙa, ya ce in mayar da su da hannuna. Masu feshi sun zo, ya danna sakata. Na mayar da tayoyin, Yaya, da la'asar kuma aka sake ruwa.

Maganarka kaɗai Baba yake ji. Ka kira shi, kada ka taɓa siyasa, ka ce kana so matarka ta koma wajen Gwaggo, can cutar ba ta kai ba tukuna. Ita ba za ta roƙa ba, nauyinsa take ji, sai ta zauna tana sosa ƙafa tana cewa ba komai. Don Allah kada ka ce mini sai ƙarshen wata.

Inna tana sa maka albarka, Gwaggo tana gaisuwa. Ka gaida Kawu da iyalinsa. Yau da safe matarka ta ce kanta na sarawa, idonta ya yi ja. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Naka,
Ƙaninka.