Ka Saki Wuri Kafin Ka Kwashe Kaya

Birnin Konni, 9 ga Mayu 1996

"Duk ranar da na'urar nan ta ce wuri ya cika, ni zan zo da ƙafata in ƙara mata, Balki, ko da ruwa ya yanke hanyar Yamai."

Kai ka faɗi haka, Ishaku, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da na samu bayan shekara tara ina zawarci cikin rana! Ka faɗe shi shekara uku da suka wuce, a buron porojenmu na rabon iri, hannunka a kan na'urar kwamfuta, idonka a kaina. To, wuri ya cika ranar Asabar. Ina ƙafar taka? Abin da ya iso shi ne Labo direba da disket a cikin ambulan, da layi biyu na rubutunka: "Ga gyara na dindindin, yanzu jerin zai riƙa faɗaɗa kansa." Ko gaisuwar kirki babu.

Na dindindin! Ka san nauyin kalmar nan kuwa?

Ka tuna ranar da ka kawo porogaram ɗin da ke riƙe sunayen manoma? Ka ce mini jerin sunaye a ƙwaƙwalwar na'ura kamar rumbu ne, tun wajen gini ake yanke girmansa. Ka yanke masa gurbi ɗari uku. Don gwaji ka buga suna na farko: Balki, Konni, gona babu. Muka yi dariya har shayi ya huce. Ban taɓa goge sunan nan ba. Da jerin ya cika ka zo ka mai da shi ɗari huɗu, ka kwana biyu gidan yayana Ayuba. Ya sake cika, ka zo, ɗari biyar. Sai ɗari shida.

Kana tsammani ban sani ba? Shekara goma sha huɗu na yi ina koyar da lissafi a lakwal kafin in zo buron nan, kuma littafin Paskal, harshen rubuta porogaram, da ka bar mini na karance shi har bangonsa ya tsinke. Tun zuwanka na biyu na gane lamba ɗaya ce a saman shafi, da ni kaina zan iya canja ta kafin a kira azahar. Na kuma gane kana iya ƙara ɗari uku a tashi guda, amma kake tsakuro ɗari ɗari. Na yi shiru, zuciyata, don na ɗauka na gane karatun: kana barin rumbun ƙarami ne don ka samu dalilin dawowa. Wace mace ce za ta tona irin wannan ƙaryar mai daɗi?

Yau kuma ka aiko mini da rumbun da ba ya bukatar magini.

Na karanta gyaran naka layi layi, ya tauraron asubata. Aiki ne mai kyau, ba zan hana ka yabo ba. Ka faɗaɗa filin da porogaram ke aron wuri daga cikinsa. In jerin ya cika, sai ya nemi sabon wuri ninki biyu, ya kwashe sunaye ya kai can, ya saki tsohon. Amma kai, gwani, ka juya layi biyu na ƙarshe: ka saki tsohon wuri kafin ka kwashe kayan da ke ciki! Ban amince ba, sai na gwada a kan kwafi. Sunaye ɗari biyar da casa'in da tara suka ƙetare lafiya. Na farko kaɗai na'ura ta taka, ya koma zane-zane kamar sawun kaji a rairayi. Ka san sunan wa ke gurbin farko.

Kuskure ne, Ishaku, ko saƙo? Kai da ba ka barin ɗigo ya kauce? Ko hankalinka ya tafi wani wuri har hannunka ya fara ɓata? Ban san wanne ya fi ciwo ba. Labo ya ce ana maganar za a tura ka kos na ƙaro ilimi a Dakar. Me ya sa sai daga bakin direba zan ji? Ina maganar aurenmu da ka ce za ka kawo wa Ayuba bayan Babbar Salla? Salla ta wuce, naman ma ya ƙare. Ko kai gawo ne, mai ba da inuwa duk rani, sai hadari ya haɗo ya kakkaɓe ganyensa?

Kaicona! Ina fushi da kai, ina kuma jin ƙarar kowace mota da ta tsaya bakin tasha kamar taka ce. Ina son ka kamar yadda fadamar Majiya ke son ruwa, tana tsattsagewa tana jira. Furfura ta fara fito mini, ban da shekarun da zan zubar wajen hasashe.

Kuma ba ni kaɗai ke jira ba. Tabawa ta Tajaye ce ta ɗari shida da ɗaya. Sau biyu tana zuwa a amalanke neman irin wakenta, ina ce mata na'ura ta ƙi suna. Bayanta akwai mata arba'in daga Alela da Tsarnawa, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Na tsare su ne don in ba ka damar cika alkawari, kuma ina jin kunyar hakan gaban Allah.

Don haka ga wa'adi. Laraba 22 ga wata, ranar kasuwar Konni, ina buro har la'asar. In ka zo, ka zauna ka gyara layukan nan biyu da hannunka, ka dube ni ka faɗa mini ko kuskure ne, daga nan mu wuce wajen Ayuba. Ko Dakar ce, a yi maganarta a gabana. In ba ka zo ba, ni zan mayar da layukan daidai, minti biyar ya ishe ni. Zan sa Tabawa da matan nan duka cikin jerin, su ɗauki irinsu kafin shuka. Sannan in goge suna na farko da kaina, da sanina, in ba Labo littafinka ya kawo maka. Daga ranar na'urar nan ba za ta sake cewa wuri ya cika ba, ni ma ba za ka sake ganin rubutuna ba.

Har zuwa la'asar ɗin nan, babu kowa a gurbinka, kuma in ka zo babu mai shiga shi har in koma ga Mahaliccina.

Taka,
Balki