Hular Nusaiba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da mutanen Bungudu. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake a Jidda, aikatau ne dai ba ya ƙarewa, fasfona kuma yana hannun masu gidan.

Na rina zare da zoborodo yadda kike yi, wanki ɗaya ya koɗe. Alif kike sakawa ko gishiri?

Hula nake saƙa wa Nusaiba, sau uku ina warwarewa. Na bar ta tana rarrafe, yanzu an ce har tana zuwa Islamiyya. Don Allah ki auna kanta da zare, ki ba Hajiya Balkisu idan za ta zo Umra. Ni na haife ta, Inna, amma ban san hular da za ta shige ta ba.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Saratu