Inna, Damisa Ta Dawo Dutsenmu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Asabe ce, 'yarki ta Landan, wadda kike cewa boko ya cinye.

Inna, damisa ta dawo dutsenmu.

Kin tuna lokacin da hukuma ta shata gandun daji a saman tsaunin, aka ce shanunmu kada su wuce bakin rafi? Wuni kika yi kina Allah ya isa. Amma ke ɗin ce kuma kike tara mu a bakin murhu in sanyin dutse ya hana fita, ki ba mu labarin damisar da kika gani kina budurwa. Kina cewa, “Dutsen da ba damisa ai tudu ne kawai.” To don Allah wanne zan riƙe a cikin biyun?

Karatun da ya kawo ni nan a kan damisa ne. Ma'aikatan gandun sun ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi, hotunan suna iso mini har ofishinmu a Aldwych. Ranar da na fara ganin ta da 'ya'ya biyu a bayanta ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, Turawa duk suka ɗago kai. Yanzu na san ta ciki da bai, har tsagar kunnenta na hagu.

Jiya ina cikin bus zan koma Edmonton sai ga kiran Yaya Bello. Wai ta tsallako rafi ta kashe masa maraƙi, jikan farar saniyarki, kuma ba shi ne na farko ba. Ya ce ya sayo guba a kasuwa, zai barbaɗa a mushen, tunda damisa ba ta barin namanta. Na ce masa ya ji tsoron Allah, 'ya'ya gare ta. Ya ce shi ma 'ya'ya gare shi, kuma nasa ba sa kallon hoto su ƙoshi. Muna cikin haka har na yi missing stop ɗina, bus ta wuce da ni.

In na gaya wa ma'aikatan, kama shi za su yi, Yayan da ya goya ni ya tsallakar da ni rafin nan zuwa makaranta. In na kama bakina, ita da 'ya'yanta sun tafi ke nan, har da ungulun da za su sauka. Na ɗauki waya na ajiye ban san adadi ba. Wallahi Inna haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kaina ya ɗaure.

Da kina nan da tuni kin aika an kira shi. Kallo ɗaya za ki yi masa ya miƙo ƙullin gubar. Ni kuwa ƙanwa ce, kuma ina nesa.

Shi ya sa na rubuto miki a nan shafina na intanet, a fili. Yaya yana bin shafin nan. Su ma ma'aikatan suna bi. Ban san ko ƙararsa na kai ba, ko roƙonsa nake yi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tsare shanun Yaya, Ya mayar da damisar can saman dutse, Ya sa wanda ya kamata ya riga karantawa.

'Yarki,
Asabe