Turaren Mutanen Japan

Birketiri, Yaoundé
12 ga Maris, 1974

Zuwa ga jikana Mahmudu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a tsibirinku na Moris. Allah ya tsare ka daga sharrin teku. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarka Hamsatu ta haifi namiji, mai kunne irin naka, Allah sarki.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce ba za ka ɗaura aure da Nasima ba sai na yarda, kuma kana tsoron in ƙi don ubanta mutumin Japan ne. Na karanta yadda ya zo da jiragen kamun kifi na ƙasarsu, 'yan'uwansa suka koma shi ya zauna, ya musulunta, ya auri 'yar gari. To ai haka ubana ya zo nan daga Kano da jakuna biyu, bai san gaisuwar kowa ba, ga mu har yau.

Amma tsaya ka ji abin da tsarabar da uban Nasima ya aiko ta ja mini. Na buɗe ƙunshin na ga icce baƙi, mai tauri, an naɗe shi a takarda mai kyau. Na ce lalle turaren wuta ne na manya. Na ɓoye sai ranar sunan Hamsatu, mata sun cika ɗaki, na sa aka faskara da gatari na zuba a kasko ina taƙama. Mahmudu, kyanwoyin unguwar Mokolo kaf sun zo suna! Maƙwabciyarmu Safiyatu ta fita tana toshe hanci, ta ce gyalenta na Makka ya mutu. Sai da ƙaninka Njidda ya karanta 'yar takardar faransancin da ke ciki, ya ce busasshen kifi ne, kankare shi ake yi a miya. Kai kuma da ka cika shafi huɗu da yabon idon yarinya, layi ɗaya na bayanin tsarabar ya gagare ka?

Ragowar na sa a miyar kuka. Wallahi kawunka Haman sai da ya ƙara tuwo. Mutumin da ya san daɗin miya haka, 'yarsa ba za ta bar ka da yunwa ba. Na yarda, Allah ya sa albarka. Ga kilishi da goro nan ka kai masa, amma ka zauna ka yi masa bayani, kada ya kai kilishina wurin mai gyaran takalmi.

Gai da Nasima da iyayenta. Haman, Hamsatu da Njidda suna gaishe ka. Safiyatu ta ce sai ka aiko da gyale tukuna.

Kakarka,
Hajiya Altine