Kwanon Zeinabu Ya Dawo Wayam

Malama Rifkatu, ki taimake ni, amma ki fara cintar wannan, tunda ke kika yi lakwal mai zurfi, ni aji uku na yi aka maido ni bakin turmi: wa ke ƙetare kogi yana barci, ba ya iyo, ba ya tuƙi, kuma ko ƙafarsa ba ta jiƙewa?

Ni tsohuwa ce a Saga, jikoki goma sha ɗaya. A Tsibiri aka yi mini baftisma tun haƙorana na nan cif, kuma daga ranar ban taɓa shakkar inda za ni ba. Yesu ya yi alkawari ba mai ƙwace ni daga hannunsa, ni kuwa ban ga dalilin yi masa gardama ba. Da ambaliya ta ci ɗakina ta tafi da katin baftismar, ko hawaye ban yi ba. Ai ba takarda za a tambaye ni a can ba.

To ga abin da bakina ya jawo mini. Maƙwabciyata Zeinabu musulma ce, shekara talatin katanga ɗaya ke tsakaninmu, ita ta yanke cibiyar jikokina uku. In na kwaɗa kopto, wato ganyen zogale, na aika mata, kwanon kan dawo da dambu ko ƴar shinkafar gonarsu, bai taɓa dawowa wayam ba. Watan jiya mijinta Maman ya rasu. Ran sadakar bakwai muna kan tabarma, mata na ta cewa ba wanda ya san makomarsa, Allah dai ya sa a cika da imani. Sai na ji bakina ya ce, "Ni kam na san tawa." Zeinabu ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Washegari na aika kopto, kwanon ya dawo an wanke shi tas, ba ko ƙwayar shinkafa.

Jikata Anisa, wadda ba ta iya tuƙa tuwo ba amma ta iya wa'azi, ta ce in je in janye maganata. In ce ban sani ba alhali na sani? Ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Ga sadakar arba'in ta matso. In je ko in zauna?

Tsohuwar Saga

Inna, wasiƙarki ta faranta mini rai. Kada ki janye ko kalma ɗaya daga bangaskiyarki. Mai cewa ya tabbata da cetonsa ba kansa yake yabo ba, amincin Mai Ceto yake faɗa.

Amma ki tsaya a inda Zeinabu take. Kwana bakwai da rasa miji, tana roƙa masa rahama, kuma a wurinta cewa ba a sani ba ladabi ne ga Allah. Ke kina nufin Yesu ya riƙe ki, ita abin da ta ji shi ne kin fi mijinta. Don haka Anisa na da rabin gaskiya: maganar ba ƙarya ba ce, tabarmar makoki ce ba wurinta ba.

Kada ki jira arba'in. Gobe da hantsi ki ɗauki kwanon da hannunki, kada ki aiki kowa. Ki gaya mata kin ɓata mata rai a ranar da ya kamata ki sanyaya shi, sannan ki yi shiru ta ba ki labarin Maman. In kwanon ya sake dawowa wayam, ki sake cika shi. Ran arba'in ki je da wuri ki kama tsintar shinkafa. Wadda cetonta ba ya kuɓucewa ba abin da za ta rasa don ta sunkuya wa maƙwabciya.

Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ya maido muku zumuncinku. Kacincinki kuwa, jariri ne goye a bayan uwarsa. Ba shi ya ɗaura majanyin ba.